Haƙarƙarin Jirgin Auta

Ba zan taɓa mantawa da daminar shekarar da motoci suka koma hannun dama ba. A lokacin duk Ajingi an san ni da sa ido. Ko allura ta faɗi a gidana, na san wadda ta taka ta.

Autana malamin aikin katako ne a Gaya. Ya zo hutu da wata takarda mai zane, wai jirgin sama zai haɗa, mai cin mutum ɗaya. (Yaron da ko akuya ya ɗaure sai ta kwance.) Sati uku yana zaure da zarto, yana tsaga wani farin katako mara nauyi da ya kawo daga Kano, siri-siri, bai kai kaurin ɗan yatsa ba. Ya jiƙa, ya lanƙwasa tsakanin ƙusoshi a kan allo, ya bari ya bushe. Ya haɗa guda ɗaya ya rataye a bango, ya ce sunansa haƙarƙarin fiffike, a kansa ake ɗaura yadi. Guntayen da suka rage kuwa ni yake ba wa in hura wuta.

Ranar gayyar gonarmu aka wayi gari da ruwa. Karan girki ya jiƙe sharkaf, ga maza a gona suna jiran kunu. Na leƙa zaure, sai ga damin itace guda a jingine, busasshe ƙayau. Na ce Allah ya yi wa yaron nan albarka, yana tuna uwarsa. Wallahi ban taɓa ganin itace mai kama wuta kamarsa ba.

Da la'asar Auta ya shigo a firgice.

"Inna, an kwashe mini haƙarƙarin jirgi!"

Ni hankalina yana kan na bango, ban ko tuna da damin safe ba. Sata? A gidana? Na tare ƙofa, na ce ba macen da za ta fita. Na bi ɗaki-ɗaki ina ɗaga tabarmi. Har zanen maƙwabciyata Tabawa, da ta zo taya mu aiki, sai da na sa ta kakkaɓe.

"Yaya, jirgi zan ɓoye a zane?" in ji ta.

Ina cikin faɗa sai surukata Ladi ta durƙusa, kanta a ƙasa, ta miƙo wani guntun itace rabinsa gawayi, da rubutun fensir a jiki.

"Inna... a murhunki na gani."

Auta ya karɓa ya juya shi. "Haƙarƙari na sha bakwai ne," ya ce a hankali. "Inna, duka kika sa?"

"Duka," na ce. Muryata ko ni ban gane ta ba.

Tabawa ta tafa hannu. "Shi ya sa tun da na sha kunun nan nake jin kamar in tashi sama!"

Gidan ya kwashe da dariya, har shi Autan, da ƙwalla a idonsa. Ni mai bincike, sai ga ni ina bin ɗakunan nan dai ina neman gafara.

Da hutu ya ƙare ya koma Gaya ya sake yanka wasu, ya sa wa ƙofa kwaɗo. Ni kuwa har yau ina sa ido, ban fasa ba. Amma in abu ya ɓata, tokar murhuna nake fara tonawa kafin in kira sunan kowa.