Tarho Huɗu, Kuka Ɗaya

"...da hanya, bawan gidanmu? Sai yanzu?"

"Sai yanzu, kurman Wamakko. An ce kunnuwanka sun yi ritaya sun bar ka bakin aiki."

Maccido ke nan da Siddiƙu, taubasai ne, uban Maccido wan uwar Siddiƙu ne. Maccido babban akawu ne a wata ma'aikata a Sakkwato, shi kuwa Siddiƙu gyaran tarho ne aikinsa. Da kuɗin mai suka cika gari, aka jera wa ofishin akawuna tarho huɗu baƙaƙe, kamarsu ɗaya, kukansu ɗaya. Na ƙarshen layi na Babban Sakatare ne, kuma Maccido kaɗai ke da izinin ɗauka. To shi rabin yininsa a ɗakin fayil yake yi, can baya. Ya yi gudu goma a banza, ya zauna a na sha ɗaya, ashe maigida ne ke kira daga bene. Sau biyu haka na faruwa. Ga soja sun shiga sharar ma'aikata, kullum ana karanta sunayen korarru a rediyo. Sakatare ya ce a karo na uku ba shi zai sauko ba, takarda za ta sauko.

Siddiƙu ya ajiye jakar kayan aiki a kan fayilolin da Maccido ya gama jerawa.

"Kai da kake gane kukan jakin kawu cikin jakai ɗari ranar kasuwa, tarho huɗu sun gagare ka?"

"Jakin ɗan'uwanka na, dole in gane muryatai. Ɗauke wagga jaka, tana warin mai ita."

Siddiƙu ya kifa tarhon Sakatare, ya kwance gindinsa da sukundireba. Ciki akwai 'yan kwanonin tagulla biyu, da ɗan guduma a tsakani mai dukansu. Ya ce da Maccido ya zaɓi kukan da yake so: akwai na zabuwa, akwai tarin tsohuwa, akwai kuma munsharin da Maccido ya yi a bikin Tani har masu kalangu suka tsaya suna neman wanda ya fi su.

"Sa mani kukan da kay yi ranar kaciya. Har gulbi an ji shi, ba ni ɓata shi."

"Wancan sai an sayo lasifika."

Ya sassauta kwano ɗaya, ya cusa guntun robar tayar keke a ƙarƙashin ɗayan, ya taɓa gudumar da yatsa. Maimakon kiriring, sai tarhon ya ce kiring-ƙwas, kiring-ƙwas, kamar an buga tasa an bi da dukan ƙwarya. Masu buga taifireta suka ɗago kai.

Kafin ya mayar da murfi, Siddiƙu ya faɗi ladarsa. Ba ya son kwabo. So yake Maccido ya tsaya gaban akawuna ya ce 'ya'yan mace su ne iyayengiji, 'ya'yan namiji bayinsu ne. Maccido ya ce ko sunansa za a karanta a rediyo safe da yamma, bakinsa ba zai faɗi wannan ba; Goggo, uwar Siddiƙu, daga gidansu aka ɗauke ta, duk abin da ta haifa dukiyarsu ce, har da shi da sukundirebansa.

"Shi ke nan. Ni aikin Allah niy yi ma tsoho. Ina za ni wanke hannu?"

Aka nuna masa hanya. Maccido ya kwashi fayil ya koma baya, yana cewa a ƙirga kujeru idan baƙon ya tafi.

Bai kai ga jeri na uku ba sai kiring-ƙwas. Ya fito da gudu, takalmi ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa, ya ture kwandon shara, ya cafe kan tarhon yana tsaye ƙyam.

"Ranka shi daɗe."

Wata murya mai kauri ta ce ba ta ji ba.

"Ranka shi daɗe, yallaɓai. Maccido na, mai yi maka hidima."

"Madalla. Yanzu ka san ubangidanka."

Dariyar Siddiƙu ta cika wayar, ana jin ta Hannatu a bayanta, matar da ke haɗa layi a ɗakin waya. Ita ta ba shi kujerarta. Akawuna suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Maccido ya ajiye kan tarhon a hankali, ya je ya ɗauko takalminsa.

Yana sa ƙafa ciki, tarhon ya sake kuka. Ya nannaɗe hannun riga, ya ce da akawuna su saurara, yau za su ji asalin wani tun daga kakansa. Ya ɗauka, ya cika ƙirji da iska, ya buɗe baki. Sai ga Siddiƙu ya shigo ta ƙofa yana goge hannu da tsumma.

Maccido ya dubi Siddiƙu, ya dubi tarhon. Iskar da ya tara ta fita ta hanci.

"Ranka... ranka shi daɗe. I, yallaɓai. Fayil ɗin rijiyoyi. Yanzu-yanzu, yallaɓai."

Ya ɗan saurara. Sakatare ya ce yau kam ya ga kunnuwa sun dawo aiki, a ci gaba da haka. Maccido ya ajiye, ya zauna, gumi na bin gemunsa.

"Da na tsaya shan ruwa a hanya, da yanzu kana Wamakko kana neman hauya," in ji Siddiƙu.

Maccido ya laluba aljihu, ya fito da farin goro babba wanda ya ɓoye wa kansa, ya miƙa.

"Amshi. Ba lada ba ta, sadaka ta."

"Da hannu biyu ake ba ubangida."

Maccido ya waiga, ya ga duk ofis shi ake kallo. Ya yi dariya, ya kawo ɗaya hannun ya tallafa.

"Yau ɗai. Kuma kada Goggo ta ji."