Dattijuwa Ba Ta Ritaya

Wani ne fa a Samaru, yana da shagon buga takardu kusa da ƙofar jami'a. Duk shagon nan babu abin da yake ji da shi kamar wata tsohuwar sikana, na'urar ɗaukar hoton takardu, mai nauyin buhun siminti. Dattijuwa yake ce mata. Kullum da safe sai ya goge ta da hankici, yana cika wa ɗalibai baki: "Wannan da kuke gani, ta ɗauki takardun mutanen da yau farfesoshi ne."

Rannan ya sayi sabuwar kwamfuta, don tsohuwar kwamfutarsa ta daina shiga intanet. Tsohuwar kuma ya bar wa Amaechi mai gyara a Sabon Gari. Ya dawo ya jona Dattijuwa da sabuwar, shiru. Ya zare ya hura ya sake jonawa, shiru kake ji. Kwana uku ɗalibai na leƙowa suna wucewa shagon maƙwabcinsa, shi kuwa abin na cinsa a rai.

Ya tare Keke Napep. Ya zaunar da Dattijuwa a kujerar baya ita kaɗai, shi ya raɓe gefen direba, sai Sabon Gari.

Amaechi ya juya ta, ya leƙa gindinta, ya kwashe da dariya.

"Oga, kamfanin da ya ƙera wannan ma ya manta da ita. Babu sabuwar kwamfutar da za ta karɓe ta. Ka yar, ka sayi wata."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Shekara sha tara tana ciyar da ni. Ina numfashi ba za ta yi ritaya ba."

"To sai dai ka mayar mata da tsohuwar kwamfutarta."

"Tana ina?"

Amaechi ya miƙe tsaye. Ashe a kanta yake zaune.

Ya kakkaɓe ta ya ce, "Amma ka sani, rami ɗaya ya rage mata mai aiki, kuma sikanar ce za ta toshe shi. Ba wurin sa filas, ba intanet. Yaya za ka fitar da hoton zuwa sabuwar?"

Gogan naka ya dafa ƙeya, ya yi murmushi. "Bar ni da su. Allah bai ba ni kai don ɗaukar hula kawai ba."

Washegari da ƙarfe uku da kwata sai ga wata Martina a guje, ta gama karatun jinya, riƙe da satifiket ɗinta.

"Baba, don Allah a yi min sikanin yanzu-yanzu. Aiki nake nema a wani asibiti, ƙarfe huɗu za su rufe karɓa. Shekara biyu nake jiran wannan damar."

"Kwantar da hankalinki, 'yata. Kin zo gidan aiki."

Ya kunna tsohuwar kwamfutar da ya dawo da ita ya jona da Dattijuwa. Kafin ta farka, minti ashirin sun tafi. Ya shimfiɗa takardar, ya shafa Dattijuwa, ya danna. Ta fara gurnani kamar injin markaɗe, tana tafiya tana hutawa. Martina sai duban agogo take, tana kiran sunan Yesu. Can dai satifiket ya fito a allon, tas da shi.

"Kin gani? Miƙo wayarki."

"Wayata kuma?"

"Miƙo dai."

Ya saki labule, ya saita wayar a gaban allon, ƙyas! Ya ce, "Shi ke nan. Yanzu sai ki turo wa sabuwar kwamfuta, ita kuma ta aika musu."

Martina ta duba, ta dafe ƙirji. "Baba, ga fuskarka a kan satifiket ɗina! Har da hula!"

"Ƙyallin gilashi ne, ba komai." Ya tuɓe hular, ya sake ɗauka. Wannan karon sanƙonsa ne ya zauna daidai kan hatimin makaranta. Ya durƙusa ƙarƙashin tebur, ya ɗago hannu sama yana lalube, ƙyas! Sai ga hoton fankar sili da rabin kalanda.

Huɗu saura minti biyar. Martina ta fashe da kuka, ta buɗe murfin sikanar ta zare takardarta.

"Baba, tsakani da Allah, tunda da waya za ka ɗauka, me ya hana mu ɗauki takardar kai tsaye tun ɗazu?"

Mutumin ya yi wuf ya fito daga ƙarƙashin tebur, ya lulluɓe Dattijuwa da hankici, ya kai yatsa baki.

"Ke, rage murya! So kike ta ji?"