Rakiyar Motar Alhaji Dunoma

A shekarun da buhunan gyaɗa ke cika tashar jirgin ƙasa ta Nguru, Allah ya yi wa Gashuwa baiwa biyu: kogi da Alhaji Dunoma. Kogin kan janye da rani. Alhaji bai taɓa janyewa ba.

Fataucin bandar kifi yake yi, amma ba ya son a tuna masa. Tun ranar da ya sayi tsohuwar baƙar mota a hannun wani Bature mai komawa gida, sunansa ya koma Mai Makulli. Ya sa baduku ya yi wa makullin jan tuntu, ya rataya shi a wuya bisa babbar riga. In zai yi nuni, da makulli. In zai sosa kunne, da makulli.

"Jaki kowa na iya tayar da shi da sanda," yakan faɗa wa 'yan majalisarsa. "Wannan kuwa, duk ƙasar Bade yatsu biyu kaɗai take saurare. Ga su nan."

Wata rana a Nguru motar ta daina sauraro. Ya murɗa, ya sake murɗawa, shiru. Abbo makanike ya leƙa, ya ce makunnin da makulli ke shiga ne ya mutu, sai an aiko da sabo daga Kano a jirgi, kuɗinsa kuma zai kai na kwandon banda guda. Alhaji ya ji kamar an ce ya ba da haƙarƙarinsa. Ya yi jawabi mai tsawo a kan ɓarnar dukiya, sannan ya sassauta murya ya tambaya ko babu wata dabara.

Akwai. Abbo ya haɗa waya biyu a ƙarƙashin sitiyari, mota ta tashi. Sai dai ya gargaɗe shi: duk inda ya tsaya, ya sunkuya ya raba wayoyin, in ba haka ba batir zai zuƙe.

Sunkuyawa! A gaban mutanen Gashuwa, da rawani a ka? Alhaji ya samo tasa hikimar. In ya iso ƙofar gida, sai ya saki kuloci mota ta yi tari ta mutu, shi kuma ya murɗa makulli daidai lokacin, ya zare shi sama kowa ya gani. Wayoyi suka kwana a haɗe. Gari ya waye batir ba rai.

Nan basirarsa ta fito fili. Ya sanar cewa bai dace babban mutum ya fita shi kaɗai kamar ɓarawo ba, daga yau motar sai da rakiya. Kakanninmu kuwa, Allah ya jiƙansu, mutane ne masu zumunci da son goro. Suka naɗe hannun riga suka tura, ba wanda ya ce turi ne. Masunta suka riƙa jinkirta zuwa kogi. Wani maroƙi ya tsiri zuwa da kalangu. Mai rakiya ba ya komawa hannu wofi, don haka goro ya biyo baya, sai fura, sai tukuici. Alhaji na zaune a ciki, yana ɗaga makulli, yana jin duniya ta yi daidai.

Yayarsa Fanne, wadda rumbun bandar ke hannunta, ita kaɗai ke kallon kwanduna suna raguwa. Ta ce masa kwandon nan da ya hana Abbo, ai ya haihu, 'ya'yansa har sun yi jikoki a bakin maroƙi. Ya ce ai mata ba su san sha'anin inji ba.

Ranar da ya ɗauki Fanne zuwa Nguru, motar ta shaƙe a cikin yashi bayan Karasuwa. Ba masunta, ba kalangu. Raƙumin wani fatake ne ya ja su har cikin gari, Mai Makulli na riƙe da sitiyari, yana kallon wutsiya. Shi kansa ya yi wa kansa dariya, a ciki dai, inda ba mai gani.

Ya biya. Makunni, da sabon batir tun da tsohon ya lalace, da ladan raƙumi. Abbo ya miƙa masa sabon makulli, ɗan ƙarami, ko tuntu ba zai riƙe ba.

Da safe a Gashuwa ya shiga mota, ya murɗa sau ɗaya, ta tashi da ruri. Ya duba dama, ya duba hagu. Masunta sun ji ƙarar tun daga nesa, sun yi masa barka da hannu, sun gangara kogi. Maroƙi ya juya da kalangunsa. Ƙofar gida ba kowa sai akuya.

Ya jima a zaune, inji na kaɗawa. Can ya miƙa yatsun nan biyu a hankali, ya kashe ta. Ya leƙo ta taga ya ɗaga murya:

"Jama'a! Ta sake ƙi! A zo rakiya!"

Fanne na tsaye a bakin zaure da ƙwaryar goro, dama ta fito da ita.

"To, Alhaji," ta ce, "kuɗinka bai tafi banza ba. A da ita ke mutuwa. Yanzu kai ke kashe ta."