Ranar da Kwamfutata ta Hana Dakko Ruwa

Ko na manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranin da na dawo Talata Mafara da difloma a ilimin kwamfuta ba. Kaina ya kumbura, ko gaisuwa a taƙaice nake yi.

Ƙungiyar manoman rani da ke shan ruwan dam ɗin Bakolori kullum cikin gardama take kan awoyin da za a buɗe wa kowace gona ruwa. Na ce su bar min, zan rubuta manhaja ta raba (ba wanda ya roƙe ni fa, ni na kai kaina).

Ranar taro na kafa kwamfuta a tebur, dattawa sun kewaye ni. Layin ruwa na Garbadu, awa goma, gona biyar: biyu-biyu. Aka yi kabbara. Sai layin Dakko, inda shinkafar Kawu Bawa, yayan mahaifiyata, ta fara yaushi. Awa shida, gona takwas. Na danna.

Sifili.

Na sake dannawa. Sifili dai. Maimakon in yi shiru, sai bakina ya ce, "Ai kwamfuta ba ta ƙarya."

Kawu ya miƙe a hankali. "Mi kac ce, ɗana? Dam ya cinye muna gonar gado, mun yi haƙuri. Yanzu kuma akwatin nan naka ya shanye ruwan?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ba dariyar mutane ce ta dame ni ba, idon Kawu ne, don da gaske ya tsorata.

Ashe a yaren kwamfutar da na rubuta manhajar da shi, in ka raba cikakkiyar lamba da cikakkiyar lamba, duk abin da ya biyo bayan ɗigo zubar da shi ake yi. Minti arba'in da biyar na kowa ya bi iska. Da 6.0 na rubuta maimakon 6, shi ke nan. Ina gumi na gyara, washegari aka buɗe wa Dakko ruwa.

Kawu ya yafe min, amma ya raɗa min suna Malam Sifili, har jikokinsa haka suke kirana.

Abin da na koya: mutum takwas in suka samu waina shida, gutsurawa suke kowa ya taɓa. Kwamfuta kuwa, in ba ka ce mata ta gutsura ba, da yunwa za ta kwanar da kowa.