Malam da Ruwan Kanwa

Yau kwana biyar ke nan maigidana, Malam Sabi'u, ko ci kanki bai ce min ba. Tuwo ma sai na bar ɗakin yake buɗe kwano. Magana ɗaya tak na yi a gaban likita. Ni ban yi boko mai nisa ba, don haka ku da kuka yi ku saurara, ku faɗa min ko in durƙusa in ba shi haƙuri, ko in ƙyale shi ya huce don kansa.

Wani saƙon murya ya ji a waya, wai duk ciwon duniya daga tsamin jini yake, maganinsa kuma kanwa. Tun daga ranar ya kori tsamiya daga gidana, ya kori lemon tsami, har nonon fura bai tsira ba. Da safe ya jiƙa jar kanwa a kofin silba ya shanye, da la'asar ya ƙara. Cikin sati biyu mutum ya zabge, ido ya zurma, butar gidan nan ba ta ƙara sanin hutu ba. Ga shi dama da hawan jini. Asibiti ma sai da na ce ni ce ba lafiya, sannan ya yarda ya raka ni.

Likitar yarinya ce, sa'ar 'yarmu ta biyu. Da na raɗa mata abin da ke tafe da mu, ta lallaɓa shi ta auna, ta ce, "Baba, jininka ya hau sosai. Kanwa ai 'yar'uwar gishiri ce. Kuma jini ba miya ba ne da za ka tsaya a kansa kana gyara ɗanɗano. Allah ya sa masa masu gadi. In tsami ya yi yawa, huhu ya rage ta numfashi, ƙoda ta zubar ta fitsari. In gishiri ya yi yawa, ƙishirwa ta kama ka, ƙoda ta riƙe ruwa har ya daidaita. Kai aiki kawai kake ƙara musu."

Malam ya gyara zaman hula. "'Yata, mai saƙon nan fa farfesa ne."

"Farfesan me, Baba?"

"Bai faɗa ba. Amma daga jin muryar kin san ya yi karatu. Kuma bar ta farfesa, jikina ne shaida. Tun da na fara sha nake jina sakayau, kamar an sauke min kaya." Sai ya juyo wajena. "Ke Lantana, faɗa mata. Ƙarya nake?"

Wallahi shiru na so yi, bakina ne ya riga ni.

Na ce, "Gaskiyarka, Malam. Mutumin da ke zagayawa bayi sau tara kafin azahar, in bai ji sakayau ba, wa zai ji?"