Malam Ya Maƙale a Waya

"Lafiya lau, amarya. Ya gajiyar tsufa?"

"Tana gaida taka ta lalaci, ango. Ka zo da shi, ko baki kawai ka kawo?"

Bashir ke nan da kakarsa Inna Hajara, a tsakar gidanta na Makera bayan la'asar. Waɗannan biyun in suka haɗu, ko kaji sai sun matsa gefe. Shi mai walda ne, da gemunsa da 'ya'yansa biyu, amma a bakin Inna bai wuce mijin da ba ya cefane ba.

Yau dai zolayar a leɓe take, zuciyarta na wani wuri. Sadiya, ƙanwar Bashir, ta bugo daga Legas cewa ta tsinci bidiyon ranar sunan ɗanta, ta ɗora shi a intanet. A ciki marigayi Malam Garba, mijin Inna, yana magana, kuma wai ya ambaci Innar. Shekara uku rabonta da muryarsa. Shekara arba'in da bakwai da suka yi tare kuwa, bai taɓa yabonta a gabanta ba. Ka san mutanen da da kunya.

"Ga abokin takarata nan a aljihu," in ji Bashir. "Sai dai tun jiya babu wuta, cajin saura ƙiris."

Ya ciro wayarsa ya danna. Sai ga Malam zaune a tabarma cikin farar riga. Inna ta yi wuf ta ja mayafi ta rufe kai, ta sunkuyar da ido. Malam ya buɗe baki ya ce, "To, jama'a..." Shi ke nan, ya ƙame, wani ɗan zobe na ta juyawa a kan hancinsa.

"Me ka yi masa?"

"Sabis ne babu. Ko kuma ganina ya yi, ya ji tsoro."

"Tsoronka? Mutumin da ya goge maka majina da hannun rigarsa?"

Suka tashi neman sabis. Bakin rijiya babu, ƙofar zaure babu. Sai a gindin gwanda, jikin katangar Maman Celina maƙwabciyarsu, Malam ya motsa ya ce, "Lokacin da masaƙa ta rufe..." ya sake tsayawa, baki a buɗe.

"Bari in tsayar da shi, ya ɗan taru, sannan mu saki."

"Ka tsayar da wa? Malam yana magana ka katse shi? Ni ban taɓa ba, kai ɗan jiya za ka fara?"

"Inna, ai ga shi a tsaye."

"Wannan shi ya tsaya don kansa. Tunani yake."

"Tunanin yadda zai fasa ne. Ki haƙura da tsoho, ga sabon jini."

"Da tsohuwar zuma ake magani. Kai ko ruwan sikari ba ka kai ba."

Bashir ya yi dariya, amma da ya dubi cajin sai dariyar ta gudu. Ya ga yadda ta kasa kunne tana jira, tausayinta ya kama shi.

"To ga dabara ɗaya. In na rage kyan hoton, maganar za ta tafi ba tsayawa. Amma fuskarsa za ta dushe, ba za ki gane shi ba. An ce gani ya kori ji."

"Wanda ya faɗa bai yi aure a zamaninmu ba. Ni yaushe na taɓa tsayawa kallon fuskarsa? Daga bayan labule na san shi. Gyaran muryarsa daga bakin layi nake ganewa. Rage."

Ya rage. Malam ya koma fari-fari kamar ana hango shi ta gilashin da ya sha tururi, amma muryar ta fito tar.

"Lokacin da masaƙa ta rufe aka sallame mu, wata bakwai ina fita da safe kamar mai zuwa aiki, don kunya. Hajara ta sani, ba ta taɓa tambayata ba. Kokonta da ƙosanta suka riƙe gidan nan. Ku da kuke cewa gidan Malam Garba, gidan Hajara ne." Ya yi gyaran murya. "Kada wanda ya gaya mata. Kanta zai yi girma."

Mutane suka fashe da dariya a cikin wayar, sai ta ɗauke ɗif.

Inna ta ɗago kai. Ba ta taɓa jin sunanta a bakinsa ba sai yau, kuma daɗin da ciwon tare suka zo mata.

"Ka ji shi ko?" ta ce tana share ido, tana dariya. "Ashe ya san na sani."

"Na sallama, Inna. Tsohon nan ya kayar da ni, na janye."

"Da ma wa ya tsayar da kai?"

Ta shiga ɗaki, ta fito da wata hular zanna ta Malam a naɗe cikin ƙyalle, ta kifa masa a ka. Ta zo masa har kunne.

"In an kawo wuta, ka cika shi da caji ka dawo min da shi gobe, da shiga ta mutunci. Ya yi tasa maganar, saura tawa."