Ranar da Na Yi wa Baba Agali Sezariyan

Shekara shida ina buga lambobin ayyukan tiyata a gidan likitarmu, kowane aiki da lambarsa, har na daina buɗe kundin lambobin. Sabuwar ma'aikaciya, Hadiza, ta taɓa miƙo mini shi, na ture, na ce, "Ai ni ne kundin."

Rannan aka sallami Baba Agali, makiyayin raƙuma daga Tarka, bayan an yi masa aikin gwaiwa. Na buga lambarsa da ka, ina kurɓar shayi.

Can sai ga majo, shugaban malaman jinya, da takarda a hannunsa, tsohon na biye da shi.

"Malam, wannan dattijon ka yi wa sezariyan?"

Innalillahi! Shayin ya sarƙe ni. Ashe lambar aikin ciro jariri na buga masa. Mai karɓar kuɗi ta ga lambar, ta ce ba zai biya ko dala ba, aikin haihuwa kyauta ne.

Tsohon ya sassauta rawani, ya dube ni.

"Ɗana, ba kuɗin ne damuwata ba. Me na haifa?"

Har yau, in na shigo biro, wato ofishinmu, Hadiza kan rusuna ta ce, "Ina kwana, ungozoma. Yaya mai jego?"